Gishirin da Ya Ci Lucinda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ɗacin rai irin na mutumin da aka ci amanarsa a cikin gidansa, Wendell Pruchnik na garin Harlan Mills a arewacin Ohio, tsohon direban motar gunduma mai watsa gishiri a tituna don narkar da ƙanƙara lokacin sanyi, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da waɗanda a da yake ɗauka abokan arziki ne, rasuwar motarsa Lucinda. Marigayiyar Corvette ce ƙirar 1965, shuɗiya, mai kujeru biyu da giya huɗu. Ta cika a ranar Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba, a kan layin dogo da ke bayan cocin St. Hedwig, tana da kusan shekara sittin a duniya, bayan doguwar rashin lafiya da kowa a garin ya san dalilinta in ban da mai ita.

Tun daga makon nan Wendell ya kwashe bargonsa da maganin hawan jininsa ya koma garejin gida, yana kwana kusa da gawar. Bai sake ce wa matarsa Noreen ko uffan ba, matar da suka haura shekara hamsin tare. 'Yarsu Paulette ta bugo waya daga Columbus tana kuka, tana tambaya ko rabuwa za su yi da tsufansu. Ya ce mata ba a yanke hukunci ba tukuna. Masu zuwa ta'aziyya su san da wannan, don kada wani ya shiga ta ƙofar gida yana neman mai makoki, ko ya kawo abinci kwano ɗaya ya ce na mutum biyu ne.

Wendell ya haɗu da marigayiyar a shekarar 1971, a gaban gidan wani likitan haƙori a Toledo wanda ƙiba ta hana shi shiga cikinta. Daga ranar bai sake kallon wata mota da idon sha'awa ba. Ita ma ta riƙe shi da kyau. Ba ta taɓa barin sa a hanya ba sai sau ɗaya, shi ma laifinsa ne, ya manta bai sa mai ba. Da safe in ya murɗa makulli takan yi tari biyu, uhum, uhum, sannan ta saki muryar nan tata mai kauri, gurrr, wadda ke sa gilashin tagar maƙwabta rawa. In sun dawo daga yawo ya kashe ta, sai ta yi ta cewa tik, tik, tik, tana hucewa, shi kuwa ya tsaya da hannu a aljihu yana saurare har ta yi shiru. Ita ta ɗauko Noreen daga coci ranar ɗaurin aure, mayafin amarya yana ta kaɗawa a iska. Ita ta kawo Paulette gida daga asibiti a kan cinyar uwarta. Ta ciyo kofunan gasar tsofaffin motoci har sai da aka ƙara katako a bangon falo. Jikinta ba na ƙarfe ba ne, irin robar nan ce mai tauri da ake ƙera ƙananan jiragen ruwa da ita, don haka tsatsa ba ta samu wurin kamawa ba, har ranar da ta mutu mutum yana iya gyara gashin bakinsa a jikin ƙofarta. Abin da ke ƙarfe shi ne shasi, ƙashin bayan da ke ɗauke da ita daga ƙasa, can inda ido ba ya kaiwa.

Hannu ɗaya ne ya san sitiyarinta, ko kuwa haka Wendell ya yi imani. Tun suna saurayi da budurwa ya yi wa Noreen alkawarin wata rana zai koya mata tuƙa ta. Ranar ba ta zo ba. Yau kuloci ya yi tauri, gobe giya ta biyu tana bukatar lallashi, jibi hanya ta cika da yara masu kekuna. Tun Noreen tana tunasarwa har ta daina, shi kuma ya ɗauka ta haƙura.

Doka ɗaya ce a rayuwar Lucinda wadda ba a taɓa ɗagawa ba: ƙafarta ba ta taka gishiri. Duk mai tsohuwar mota a wannan yanki yana da wannan doka, amma babu wanda ya riƙe ta kamar Wendell, don shi ya san gishiri ciki da waje. Fiye da shekara talatin shi ne a kan babbar tifar nan mai fitila rawaya tana juyawa a ka, yana ture ƙanƙara ta gaba yana watsa gishiri ta baya, wani lokaci kwana biyu a jere bai ga gida ba. Ya ga yadda gishiri ke jawo tsatsa ta ci ƙasan motocin mutane har ƙafar direba ta leƙo ƙasa. Saboda haka kafin ƙanƙarar farko ta sauka yakan cika mata tanki, ya goge ta, ya duba agogon da ke ƙirga nisan tafiyarta ya haddace lambar, ya lulluɓe ta da lallausan bargo, ya kunna mata hita mai ɗumama garejin, ya jefa makullin cikin tsohon gwangwanin kofi. Ba ya buɗe ta sai ruwan Afrilu ya wanke tituna sau biyu. Sannan ya kai ta wurin ƙanin matarsa, Kaz bakanike, don ya duba mata ƙasa, tunda shi bayansa ya daɗe da hana shi kwanciya ƙarƙashin mota. Kowace shekara lambar agogo tana nan inda ya bar ta. Kowace shekara kuma Lucinda takan tashi da murɗawa ɗaya, alhali motocin abokansa sai an yi musu turi da zagi bayan dogon barcin. Wendell ya yi alfahari da wannan har mutane suka gaji.

Akwai kuma labarin jahili, wanda duk mai kunne a Harlan Mills ya ji. Ranar Asabar da safe, in 'yan ƙungiyar tsofaffin motoci sun jera motocinsu a gaban gidan abincin Dot sun ɗaga bonet, da wuya a watse Wendell bai ba da shi ba.

"Ina kan tudun Ridge," yakan ce, "ƙanƙara tana zuba kamar an yage matashin kai. Na zo kwana, na ɗan waiga, sai ga wata Corvette can baya, shuɗiya irin tawa sak, tana iyo cikin gishirin da na watsa. Na ce wannan wane irin jahili ne? Mutumin da zai yi wa mota haka, uwarsa ba ta yi masa tarbiyya ba. Da na kama shi, da bel ɗina zan cire."

Sai wurin ya kaure da dariya. Wani ya buga tebur, wani ya share hawaye, Dot ta ruga kicin tana riƙe da ciki. Noreen kuwa ta ƙara masa kofi, ta ce, "Ka yi masa afuwa, Wen, wataƙila uzuri ne da shi." Ya ba da labarin a wurin cin soyayyen kifi na ranar Juma'a a zauren coci. Ya ba da shi ranar bikin Paulette, da makirfo a hannu. Kullum dariyar tana ƙaruwa, shi kuwa yana komawa gida da daɗin cewa Allah ya hore masa iya ba da labari.

Ajali ya zo ne ranar yawon ƙarshe na shekara. Suna tafe a hankali, Noreen a gefe da jakarta a cinya, suka hau layin dogo. Sai marigayiyar ta yi wata ƙara da ba a taɓa jin ta yi ba, ƙaras, kamar an karya busasshen rake. Bayanta ya zauna ta gefe ɗaya, ƙofar direba ta buɗe da kanta. Wendell ya kashe inji. Ta ce tik, tik, ta yi shiru da wuri.

Da Kaz yana kan ƙafafunsa, da wataƙila har yau asiri a rufe yake. To amma Kaz yana asibiti an canja masa ƙugu, dole aka kai ta wani gareji a garin da ke gaba, wurin baƙon bakanike wanda bai san kowa ba. Ya ɗaga ta sama, ya haska fitila, ya daɗe yana kallo.

"Dattijo, a ina take kwana lokacin sanyi?"

"A ɗakinta, da bargo da hita," in ji Wendell. "Ba ta san ɗanɗanon gishiri ba."

Mutumin ya ɗauki sukundireba ya danna a jikin shasin. Ta shige kamar cikin burodi. Jan gari ya zubo a kan takalman Wendell.

"To ko dai tana fita yawo ba ka sani ba. Wannan cikin ya sha gishiri shekara da shekaru, ya ci ta daga ciki. Kuma akwai wanda ya yi ta shafa baƙin fenti a kai. Ko wane ne, hannunsa yana da kyau."

Wendell bai tsaya ko'ina ba sai bakin gadon Kaz.

"Wa ya yi fentin?"

"Haba, Wen. Ka ga mutum kwance an yanka shi, ko sannu babu?"

"Sannu. Wa ya yi fentin?"

Kaz ya ajiye cokalinsa, ya dubi silin, ya dubi ƙofa ko wata nas za ta cece shi. Babu wadda ta shigo.

"Ni ne. Ni na nuna yadda ake kwance wayar agogo a ƙarƙashin sitiyari, ni nake kawo man da ake cika tanki. Da na ga tsatsa ta fara, sai na ce bari in rufe na shekara ɗaya kafin in san yadda zan gaya maka. Amma tuƙin ba ni ba ne, ka dubi tumbin nan, ta ina zai shiga? Je ka gida ka tambayi yayata. Ka ce mata na yi shiru iya ƙarfina."

Ya tarar da Noreen a kicin tana fere dankali. Ba ta ko juyo ba.

"Kaz ya bugo," ta ce. "Zauna, kafin ƙafafun nan su ba ka kunya."

Bai zauna ba. Ita kuwa ta ci gaba da feren, tana magana kamar mai ba da labarin farashin kabeji. Ta ce karo na farko Paulette ce, tana 'yar shekara biyu, zazzaɓi ya rufe ta, motar gida ta ƙi tashi, shi kuma yana kan tifa tun jiya. Ta ɗauko makulli daga gwangwanin kofi. Ba wanda ya koya mata, shekarun da ta yi a kujerar gefe tana kallon ƙafafunsa ne suka koya mata. Ta jira har tifarsa ta wuce ta bakin layi, ta bi bayansa har ƙofar likita.

"Wannan sau ɗaya ne," in ji Wendell. "Wannan ko ni zan yafe. Sauran fa?"

"Sauran daɗi na ji."

"Duk ranar da ƙanƙara ta sauka?"

"A'a, kar ka yi mini sharri. Ranar wanki ba na fita."

Ta ce takan sa buhun yashi biyu a bayan kujeru don ƙafafun baya su kama ƙasa. In ta dawo ta wanke jikin da ruwan ɗumi, ta goge da tawul, ta mayar da wayar agogo, ta ninke bakin bargon yadda yake ninkewa. Ƙasan ne ba ta taɓa tunanin wankewa ba. Ba ta daina ba sai shekarar da ya yi ritaya ya zauna mata a gida.

A nan ne wani abu ya faɗo wa Wendell.

"Shuɗiyar motar da na gani a tudun Ridge..."

"Har hannu na ɗaga maka. Ba ka gani ba."

"Jahilin."

"Ga shi nan yana fere maka dankali. Ka ce uwarsa ba ta yi masa tarbiyya ba, a gaban uwata ka faɗa, ranar Kirsimeti. Sai da ta ƙware don dariya."

Wannan dariyar ita ce ta fi ci masa rai, ita ce ta fitar da shi daga ɗakinsa. Mutuwar mota rashi ne, kuma kowa da irin nasa rashin. Amma mutum ya shekara arba'in yana tsaye a tsakiyar jama'a yana zagin matarsa bai sani ba, suna tafa masa, wannan ba ya da suna. Asabar ɗin da ta biyo ya shiga gidan abincin Dot, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a ka.

"Tambaya ɗaya gare ni," ya ce. "Wanda bai sani ba ya ɗaga hannu."

Cokula suka tsaya. Mutum ɗaya ne ya ɗaga hannu, wani direban tirela daga Indiana da ya tsaya cin ƙwai. Ashe a bayan kicin ɗin Dot ake ɓoye motar in Noreen ta tsaya shan kofi. Ashe marigayi Fada, limamin cocinsu, ya taɓa shiga an rage masa hanya zuwa gidan mara lafiya. Ashe har wani ɗan sanda ya taɓa tsayar da ita don gudu, da ya ga ko wace ce ya ce ta gaida maigida.

"Wen," in ji Dot, "wa zai iya gaya maka? Ka fi kowa jin daɗin labarin nan. In mun faɗa, me za ka riƙa ba mu ranar Asabar?"

Ya juya ya fita, bai sake taka wurin ba.

Ba a al'adar sanarwa irin wannan a ambaci laifin mamaci, amma Wendell ya ce a rubuta, kuma shi ne mai gawa. Ya ce Lucinda ma da ita aka ci amanarsa. Ya hana kansa hutu saboda ita, ya hana kowa jingina da ita, ya taɓa korar ɗan maƙwabci don ya zo kusa da alawa a hannu. Ita kuwa da ya ba da baya sai ta tashi wa wani hannu, ta yi tarinta biyu, ta saki muryarta, ta fita yawo. In Afrilu ya zo ta yi masa miƙa kamar wadda ta sha barci. Tashin nan da murɗawa ɗaya da ya cika wa duniya kunne da shi, ashe dalilinsa ke nan, ko makon jiya ta fita. Akwai kuma abin da ba ya so a ambata, amma gaskiya ta fi ƙarfinsa: gishirin da ya cinye ta, shi ya watsa shi da hannunsa, tana biye tana shaƙa tun yana sabo. Hitar da yake kunna mata don ƙauna ita ta riƙa narkar da shi yana shiga ƙashi. In aka kawo wannan magana sai ya tashi ya hau goge madubin da ba shi da datti.

Wasu sun ba da shawarar a sayo sabon shasi a ɗora jikin a kai, ana yi, ba sabon abu ba ne. Ya ƙi. Ya ce lambar haihuwarta, wadda kamfani ya buga mata, a jikin tsohon take, in aka cire ƙashin bayan mutum aka sa wani, wace ce za a dawo masa da ita? Wasu daga cikin 'yan ƙungiya kuma, tun gawa ba ta huce ba, sun fara aiko da gaisuwa mai ɗauke da tambaya a wutsiya: ko injin na sayarwa ne, ko fitilun baya suna da mai so. Ana sanar da su cewa an ji, kuma an gane su.

Marigayiyar ta rasu ta bar mai ita, Wendell, cikin halin da aka bayyana. Ta bar Paulette, wadda motar ta kawo gida tana jaririya ta kuma ceci ranta ranar zazzaɓi, wadda kuma ta ce ita yarinya ce a lokacin, kada a sa ta a ciki, ko da yake an samu labarin har ta shiga sakandare ana kai ta makaranta a ciki ranar ƙanƙara. Ta bar Kaz, likitanta kuma mai rufa mata asiri. Ta bar wata tsohuwar a-kori-kura da suka yi zaman gareji ɗaya, wadda ta sha gishiri a fili ba ta ɓoye wa kowa ba, har yau kuma tana tafiya. Ta bar bargo, da hita, da gwangwanin kofi, da kofunan gasa da yanzu aka juya fuskarsu bango. Game da Noreen, an daɗe ana jayayya ko a sa ta cikin waɗanda aka bari ko cikin waɗanda suka yi sanadi. Wendell ya ce a bar gurbin a buɗe.

Duk tsawon makonnin nan Noreen takan ajiye masa abinci a kan gwangwanin fenti a bakin gareji. Fushin bai kai ciki ba, yakan cinye, ya wanke kwanon, ya mayar inda ya ɗauka. Ranar Talatar da ta wuce da hantsi ta zo ɗaukar kwano ta ga babu kwanon a wurin, sai ta tura ƙofa. Ta same shi zaune cikin Lucinda, amma ba a wurinsa ba. A kujerar gefe yake, inda bai taɓa zama ba tun da ya sayi motar, gwiwoyinsa sun tokare gaba, yana ta mutsu-mutsu. Shi ya fara magana, idonsa a kan gilashi.

"Kujerar nan akwai ƙarfe mai suka a cikinta."

"Tun Paulette tana firamare."

"Ba ki faɗa ba."

"Na faɗa. Ka ce ta asali ce, ba a taɓawa."

Ta jingina da bango ta harɗe hannuwa, ba ta da niyyar taimaka masa.

"Gari cike da hanyoyi," ya ce can. "Me ya sa sai a bayana?"

"Don hanyar da ka bi ita kaɗai na yarda da ita. Sauran direbobin watsawa suke kamar masu ba kaji hatsi, kai kuwa ba ka tsallake kwana." Ta gyara tsayuwa. "Kuma in ina hango fitilar nan tana juyawa, na san ba ka faɗa rami ba. A gida sai dai in zauna ina kallon waya. Amma kar kanka ya kumbura, tsoho, ba don kai kaɗai ba ne. Motar nan tana da daɗi a giya ta uku, kai ba ka taɓa barin ta ta nuna ba."

"Kin kashe mini ita, Noreen. Kin bar gari ya yi mini dariya."

"Na yi. Wannan na biyun yana damuna, ban taɓa jin daɗinsa ba, ko lokacin da nake dariyar. Amma kai ma ka ce wata rana. Ina da shekara ashirin da ɗaya ka faɗa, a bakin tafki, hannunka a kan wannan sitiyarin. Na jira, na ga ranar ba ta da niyyar zuwa, sai na je na ɗauko ta."

Ta ɗauki kwanon daga kan bonet inda ya ɗora shi, abin da a da in wani ya yi zai sa a yi kwana uku ana shari'a, ta kai bakin ƙofa.

"Ka yi tunanin wanda zai riƙe sitiyarinta ranar da za a kai ta makwancinta? Ba za ka ja ta da igiya ka kuma tuƙa ta ba. Kaz ba ya iya lanƙwasa. Tudun nan da santsi, in bayanta ya fara wasa, duk cikin abokanka babu wanda ya san abin da take so."

Ta fita ta ja ƙofar. Bai kira ta ba, amma da yamma da ya mayar da kwanon abincin dare, an ga makullin Lucinda a cikinsa.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Ba za a sayar da ko ƙusa ɗaya daga jikin marigayiyar ba. Za a kai ta tsohon rumbun gonar iyayen Noreen da ke saman tudun Ridge, a kwantar da ita a kan katako, a lulluɓe ta da bargonta. Ba za a kai hita ba. Kaz, daga kan kujerarsa, ya sa an yi mata ɗaurin ƙarfe a inda ta karye, wanda ya rantse zai kai ta can in ba a yi gudu ba, kuma wannan karon an hana shi taɓa fenti. Ranar kuwa ita ce safiyar farko da ƙanƙara ta kwanta, bayan motar gishiri ta wuce, tunda yanzu babu sauran abin da ake tsoro. Za a taru a ƙofar gareji bayan an fito daga coci ko an gama karin kumallo, gwargwadon ranar da ta kama. 'Yan ƙungiya suna iya rakiya, da sharaɗin kowa ya zo da tsohuwar motarsa ta taka gishirin ita ma, wanda ba zai iya ba ya zauna gida. Ba a bukatar furanni. Dot za ta kawo kofi, an karɓa, amma ba a ce an shirya ba. Duk wanda ya ji dariya ta taso masa ya koma bayan rumbu ya yi ta shi kaɗai.

Wendell ne zai ja gawar da igiya a bayan a-kori-kura, da fitila rawaya da ya aro ya ɗora a ka. Noreen Pruchnik ce za ta riƙe sitiyari. Ta ce in ya yi tafiyar kunkuru za ta danna masa hon, ko ana makoki ko ba a yi.

Mai makoki ya ce a rubuta a fili cewa bai yafe ba, kuma ba a yi maganar mayar da bargonsa cikin gida ba tukuna. Allah ya ba shi haƙurin rashi, ya ba ta haƙurin zama da shi. Jiya dai an gan shi a kantin kayan mota ya sayi sabon madubi, babba, mai faɗi, ya ɗaura wa a-kori-kura a gefen direba, ya daɗe yana gyara masa zama. Mai kantin ya tambaye shi me zai yi da madubi kamar na bas.

Ya ce wannan karon yana so ya ga fuskar jahilin.